Ranar da Dogo Ya Juya Jirgin Dodo

Da idona na gani, wannan na dama, don na hagu tun lokacin ya fara hazo. Duk wanda ya ce muku shi ma yana wurin, ku tambaye shi a ina ya tsaya. Ni a tsakiyar jirgin nake, dab da ganga, kuge a hannuna. Shekara arba'in da ɗaya ina buga kugen nan, sau biyu kawai na taɓa kuskure, su ma laifin mai ganga ne. Sunana Mak Kau, amma duk ƙauyen Tong Mei Kawu Kau ake ce mini, har waɗanda suka girme ni.

Mai gangar kuwa Yiu ne, ɗan wan babana. Mutum ne da in ya yi dariya sau ɗaya a shekara sai ya kwanta ya huta. 'Yarsa Wai-san tana aiki a birni, ita ce ta kwaso mana Baturen nan ɗan Holan, wai Bram. Mu dai Dogo muka sa masa, don ranar da ya zo sai da ya gaisa da saman ƙofar zauren kakanni da goshinsa kafin ya gaisa da kowa. Yana jin yarenmu, shekararsa huɗu a birni yana sayar da irin furanni. Matsalar kenan. Da bai iya ba, da an zauna lafiya.

Aure ya kawo shi. Ya zuba shayi, ya durƙusa, ya miƙa wa Yiu da hannu biyu yadda Wai-san ta koya masa. In uba ya sha, magana ta ƙare. In ya bar shi ya huce, ita ma ta ƙare. Ina zaune a gefe ina ɓare gyaɗa, na ga hannun Yiu ya taso zai karɓa. Sai idon Dogo ya faɗa kan filafilan da ke jingine a bango.

Ya ce, "Af, Baba, ashe kuna ɗan taɓa tuƙi a nan?"

Hannun Yiu ya tsaya a iska.

"Ni a ruwa aka haife ni," in ji Dogo. "Ƙasarmu ƙarƙashin teku take. Teku na sama, mu muna ƙasa."

Goggo Fung, matar Yiu, ta leƙo daga madafa. "Shi ya sa kuke tsawo haka, don ku samu numfashi?"

Bai ma ji ta ba. Ya shiga ba mu labarin kofunan da ya ci a tsere, da jirginsu na mutum takwas wanda in ya wuce sai daga baya ake jin ƙararsa. Ya tambayi mu nawa ne a namu jirgin, aka ce saba'in. Ya girgiza kai kamar likita ya ga ƙafar da ta ruɓe. Ya ce da za a ba shi sati biyu, da ya nuna mana yadda ake yi.

Hannun Yiu ya koma kan gwiwarsa. Shayi ya huce muna kallo.

"Bikin jirgin dodo saura sati uku," in ji Yiu. "Za mu je Lo Kai gaisuwa. Ka shiga jirginmu, mu je mu dawo. In ba ka sa an yi mana dariya ba, ka dafa wani."

Ku da ba ku san Lo Kai ba: surukanmu ne, rabin matanmu daga can suke. Shekara ashirin da uku da suka wuce gangarsu ta faɗa ruwa a gaban zaurenmu, tun daga ranar ba wanda ya fito daga Lo Kai ya sayi ko albasa a kasuwarmu ba tare da an tambaye shi ko gangar ta bushe ba. Jira suke yi mu ma mu yi tuntuɓe.

A bakin ƙofa na ji Wai-san ta riƙe hannun rigarsa tana cewa, "Bram, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka gyara komai."

Ya ce, "Haba, ni da zan taimaka kawai."

Ranar tono ta zo. Jirginmu a taɓo yake kwana shekara guda, ƙarƙashin cediyar bakin rafi, don kada rana ta tsaga katakon. Rafinmu teku yake bi, kullum ya cika ya janye. Muka jira ruwa ya janye, muka tuɓe riguna, muka shiga da kwanuka da tafin hannu kamar yadda kakanninmu suka yi. Sai ga Dogo cikin wani wandon roba har ƙirji, yana tura injin ban ruwa da ya aro a gonar kifi.

"Ku huta," ya ce. "Aikin yini guda zai zama na rabin awa."

Hung mahauci ya ɗago daga taɓo. "Dogo, injin nan ruwa ya sani, bai san laka ba."

"Yaya Hung, ai ni na san su duka biyun."

Ya ja igiya. Injin ya yi tari, ya yi shiru kamar yana tunani, sannan ya amayo laka. Bututun ya kufce, ya dinga wutsil-wutsil kamar macijin da aka taka. Goggo Fung ta shanya kifin gishiri a kan katanga, wata guda tana lallaɓa shi. Nan bututun ya fara kai gaisuwa. Daga nan ya wuce kan shanyar makwabta, ya ƙarasa a kan wani mai babur da bai san hawa ba bai san sauka ba. Dogo ya yi tsalle cikin rafi zai kamo bakin bututun, wandon roba ya cika da ruwa, taɓo ya riƙe shi. Mu huɗu muka zaro shi kamar ana zare rogo. Wandon yana nan har yau, kaguwa sun yi gidan haya a ciki.

Goggo Fung ta ɗaga kifi ɗaya tana kallo. "Yiu, in ka sha shayin yaron nan, kai za ka ci wannan."

Da muka fito da jirgin muka wanke shi, sai na ga Dogo daga shi sai gajeren wando yana bin jikinsa da tef ɗin awo, yana rubutu a ɗan littafi.

Na ce, "Riga za ka ɗinka masa?"

"Ilimi ne, Kawu Kau."

Ni aji biyu na yi a makaranta, shi ma na biyun ta taga na yi shi, don haka na ƙyale shi. Jirgin dai a lokacin gundul yake, don kan dodon da wutsiyarsa suna zauren kakanni a kan kanta, ba a ɗaura su sai safiyar biki.

Aka fara gwaji. Yiu ya ba shi filafili ya ce ya zauna. Da aka buga ganga sai muka ji rikici a layi na goma sha biyu. Ashe Dogo ya zauna yana kallon baya, ido cikin ido da Hung mahauci, gwiwoyinsu a haɗe.

"Malam, me kake nema a fuskata?" in ji Hung.

"Haka ake zama. A ƙasarmu baya ake ba inda za a je."

"To yaya kuke sanin kun iso?"

"Akwai mai faɗa."

"Mu ido muke da shi."

Aka juya shi. Hannunsa ya fi na kowa tsawo, in kowa ya tsoma filafili sau biyu shi sau ɗaya, ruwan da yake ɗebowa kuma a wuyan na gabansa yake saukewa. Ya ce laifin ganga ne, tana sauri. A gaban Yiu ya faɗa. Kashegari ya zo da usur.

Yiu ya karɓi usur ɗin ya sa a aljihu, ya mai da shi gaba can ya ba shi tuta. Aikin mai tuta ba wuya, kaɗawa ce kawai. Sai dai in na buga kuge sau uku a jere, gada ce, kowa ya kwanta. An gaya masa. Ni da bakina na gaya masa. Da muka doshi Gadar Mai Tofu, wato mai awara, na buga sau uku, mutum sittin da tara suka kwanta. Dogo ya juyo yana yi wa na bayansa bayanin yadda ake riƙe tuta a ƙasarsu. Jirgi ya wuce, mu muka wuce, Dogo da tuta suka zauna a gada. Yana rataye da hannu biyu ƙafafunsa na taɓa ruwa, mai tofu ta leƙo ta tambaye shi ko zai saya.

Daga ƙarshe Yiu ya kai shi can baya wurin Kawu na Huɗu, mai riƙe da babban filafilin da ake saita jirgi. Tsohon ya haura tamanin, kunnensa ya rufe tun zamanin da ake zuwa birni a ƙafa. Yiu ya damƙa wa Dogo lema.

"Ka riƙe masa wannan kada rana ta dake shi."

"Baba, ni da na—"

"Lema. Lema kaɗai."

A nan bayan ne abin ya shiga kansa. Rafukanmu matsattsu ne, jirgin kuma ya kai tsawon motar bas uku. In za mu koma inda muka fito, Yiu ya yi wani kiɗa, kowa ya miƙe ya juya a mazauninsa, wutsiya ta zama gaba. Dogo ya kalli wannan kwana uku, ya kasa haƙuri. Ya same ni ina shan taba a gindin cediya.

"Kawu Kau, me ya sa ba ku juya jirgin?"

"Dodo ba ya juyawa. Mutane ke juya masa."

"Shekara nawa kuna tafiya da baya?"

"Ɗari huɗu, in ji masu ƙarya. Ni na ce ɗari biyar."

Ya tsuguna ya buɗe littafinsa. Ashe ya hau keke ya je Lo Kai a ɓoye. A gaban ɗakin bautarsu akwai inda rafin ya yi ciki ya ɗan buɗe. Ya auna wurin, ya ce jirginmu zai juya tsaf har a samu ragowar kamu biyu. Ranar biki, in mun gama gaisuwa, zai juya shi a gaban kowa mu fito da kai a gaba, abin da ba ƙauyen da ya taɓa yi.

"Baba Yiu da kansa zai roƙe ni in dafa shayi," ya ce. "Amma kada ka gaya wa kowa."

Na yi niyyar gaya wa Yiu, na rantse da kabarin kakana. Sai aka kawo abinci.

Safiyar biki aka fito da kan dodo daga zaure, an sake masa fenti, ƙaho na zinariya, gemu fari sabo har ƙasa. Aka ɗaura shi da dogon wuyansa, kamu huɗu cif. Aka ɗaura wutsiya, ita kuma kamu uku. Dogo na can yana ɗaukar hoto da 'yan matan da suka zo daga birni, yana nuna musu damtsensa. Na dubi kan, na dubi wutsiyar, na dubi Dogo. Na ci gaba da cin dunƙulen shinkafata da aka naɗe a ganye, don in ta huce ganyen na manne mata.

Muka tashi. Awa biyu ce zuwa Lo Kai, ta gonakin ayaba, ta bayan masana'antar takalma, gada biyar. Duk biyar ɗin Dogo ya kwanta tun ina bugu na farko. Lema ba ta motsa daga kan tsoho ba. Wai-san da uwarta suna bin mu ta hanyar bakin rafi a kan babur, tana ta ɗago masa hannu. A gada ta biyar har Yiu ya karkato ya ce mini, "Yaron nan ashe ya iya sunkuyawa." Daga bakin Yiu, wannan kamar a ɗaura maka lambar yabo ne.

Lo Kai ta cika maƙil, har kan rufin gidaje. Jirage uku na wasu ƙauyuka sun riga mu shiga, suna can ciki, shida kuma na bayanmu suna jiran layi. Nokawut na tashi kamar ana yaƙi, hayaƙi ya sa ba ka ganin na gabanka. Gaisuwa sau uku ce: a wuce gaban ɗakin bauta, a dawo da baya, a sake. Muka yi ta ɗaya lafiya. Muka yi ta biyu, Yiu na zuba kiɗa kamar ba shi ba. A ta uku, wata mata ta miƙo wa Kawu na Huɗu waina a bakin sanda. Tsoho bai taɓa ƙin waina ba. Ya saki filafili da hannu ɗaya.

Dogo ya ajiye lema.

Na gan shi. Ya rungumi filafilin nan ya kwanta a kansa da duk tsawonsa, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'ar Lo Kai, ku kalli yadda ake yi!"

Daidai lokacin Yiu ya buga kiɗan juyawa. Mutane suka miƙe suka juya, jirgi shi ma yana juyawa a ƙarƙashinsu. Da suka zauna, wanda ya saba ganin rafi a gabansa sai ya ga katanga. Hung ya ce, "Wa ya matsar da garin?"

Gaskiya rabin farko ya yi kyau. Har wasu suka fara tafi. Sai muka ji ƙarau daga gaba, muka ji gum daga baya, kowa ya faɗa kan na kusa da shi. Wutsiya ta cusa tsakanin matakalar ɗakin bauta. Kan dodo kuwa ya shige tagar madafar wata tsohuwa a ɗaya gaɓar, har wuya. Jirgi ya tsaya a gicciye, ba gaba ba baya.

Nokawut ya ƙare. Hayaƙi ya washe. Tsohuwar ta leƙo ta gefen ƙahon da ludayi a hannu.

"Na wane gari ne wannan?"

Ta ƙwanƙwasa ƙahon da ludayin.

"In abinci yake so, ta ƙofa ake shigowa."

A nan Lo Kai ta fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Wani ya faɗo daga kan rufi, bai daina ba har ya iso ƙasa.

Tsoho Chan, shugaban zaurensu, ya sauko matakala a hankali, hannu a baya. Gangarsa ce ta faɗa ruwa a wancan lokacin. Ya tsaya a kan wutsiyarmu ya duba hagu ya duba dama.

"Suruki Yiu, sannu da zuwa. Wannan sabuwar gaisuwa ce?"

Yiu ya ce, "Iska ce."

"Iska doguwa mai jan gashi?"

"Daga teku ta zo."

"To ai mun gode. Shekara goma muna roƙon a yi mana gada a nan, ashe ku za ku kawo mana da kanku."

Dogo ya zaro littafinsa. "Baba, lissafina daidai ne. Ga shi nan. Akwai ragowar kamu biyu, sau uku na auna."

Kawu na Huɗu, wanda rabonsa da jin magana an manta, ya haɗiye wainarsa ya leƙa littafin. Ya ce da ƙarfi, irin na kurame, "Da kai ka auna shi, ko ba kai?"

Dogo ya dubi gaba. Ya dubi wutsiyar da yake tsaye a kanta. Jan fuskarsa ya koma fari, farin ya koma wani launi da ba mu da sunansa.

"To a cire kan mana," ya ce. "Minti biyar ne."

Mutum sittin da tara suka juyo suka dube shi.

"A cire kan dodonmu," in ji Hung, "a garin Lo Kai, ranar biki. Gara a cire naka, shi ba ya aiki."

Jirage shida na baya suka fara buga ganga suna zagi. Uku na ciki su ma suka taso za su fita suka tarar da mu. Wani mai tuta ya ce yana da ƙauye huɗu da zai gaisar kafin la'asar. Yiu ya ce ya gaishe su daga nan.

Dogo ya ce shi ya ɓata shi zai gyara. Wai-san na kan gaɓa tana cewa, "Bram, kada ka," bai bari ta ƙarasa ba ya dira ruwa zai tura wutsiya. Ruwa kuwa ya fara janyewa, abin da ya rage taɓo ne. Ya nutse har ƙugu. Ya tura, ya ƙara nutsewa. Jajayen takardun nokawut da ke yawo a kan ruwa suka manne masa daga ƙirji har gashi, ya koma kamar kyautar da aka naɗe. Agwagin garin suka zo suka kewaye shi suna duba ko ana ci.

Da ya yi wani yunƙuri, jirgin ya girgiza, gemun dodo ya maƙale a ƙarfen taga ya tsinke ya faɗa rafi. Gemun da matan ƙauyenmu suka yi wata biyu suna kitsawa. Kowa ya tsaya baki buɗe. Ni kuwa ban yi wata-wata ba, na miƙa wa Yiu kuge, na yi tsalle kamar ɗan shekara ashirin, na nutsa, na fito da gemun a haƙorina. Har mutanen Lo Kai sai da suka tafa mini.

Ruwa ya gama janyewa, jirgi ya zauna daram a kan laka, kai a madafa, wutsiya a ɗakin bauta. Ba abin yi sai jiran ruwan yamma. Mutanen Lo Kai kuwa ba su ɓata lokaci ba. An dafa abincin biki a wancan gefen, tebura na wannan gefen, da sai an zagaya ta babbar gada. Sai ga mata sun jero da tiren gasasshiyar dinya a ka, suna bi ta cikin jirginmu, suna tsallake ƙafafunmu.

"Sannunku da aiki, Tong Mei."

"Ɗan matsa, suruki, miya ce."

"Gobe ma kuna nan? Ina da kai kaya kasuwa."

Wata amarya da angonta suka hau suka yi hoto. Wani ya turo keke. Awa biyar muna zaune ana bi ta kanmu. Yiu bai sauka ba, bai ci komai ba, yana rungume da gangarsa. Dogo kuma da aka zaro shi ya zauna a matakala, wannan karon ba takalmi. Tsohuwar mai taga ce ma ta ji tausayinsa ta aiko masa da romo.

Da rana ta karkata ruwa ya dawo. Tsoho Chan ya tattare wandonsa, ya kira mazan garinsa, suka shigo ruwa suka ɗaga wutsiyar, muka ja da baya har kan ya fito daga taga da ganyen albasa a ƙaho. Kafin mu tashi Chan ya dafa gefen jirgi.

"Suruki, maganar gangar nan tawa fa?"

Yiu ya dubi ruwa. Ya ce, "Wace ganga?"

Shekara ashirin da uku na tsokana, a yini ɗaya Dogo ya kashe mana su.

Da baya muka koma gida, don haka jirgin ya fito. Wato wutsiya ce a gaba, Dogo na zaune a kanta da lemarsa, fuska sittin da tara na kallonsa awa biyu. Duk gadar da muka wuce akwai mutane a kai, labari ya riga mu isa. Ko kuge ban buga masa ba, kansa dama a sunkuye yake.

Da safe na je gidan Yiu, wai aron tsani. Ba tsani nake so ba. Na tarar da jakar Dogo a bakin ƙofa a ɗaure, zai bi motar farko. Wai-san ta fito ta ture jakar da ƙafa, ta damƙa masa butar shayi.

"Ai na karya sharaɗin," ya ce a hankali.

"Na gani. Duk lardi ya gani. Shiga."

Ya shiga, ya sunkuya a ƙofa ba wanda ya tuna masa. Ya zuba, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu. Yiu bai karɓa ba. Na samu kujera na jawo kwanon gyaɗa.

"Na ce kada a yi mana dariya," in ji Yiu.

"Haka ne, Baba."

"An yi?"

"An yi."

"Shayin nan, a ƙasarku ba haka ake dafa shi ba ko? Ba ka da wata shawara?"

"Babu, Baba."

"Kofin fa, ka auna shi?"

"A'a."

Filafilan nan suna jingine a bango inda suke. Yiu ya nuna su da haɓa. "Waɗancan fa? Ka ce wani abu a kansu."

Dogo ya dube su. Na ga maganar ta taso har bakin leɓe. Ya haɗiye ta.

"Ba ni da abin cewa."

Tururi na tashi daga kofi. Yiu ya zauna kamar gunki, ni har na daina tauna. Sai Goggo Fung ta leƙo daga madafa da kifin gishirin nan a hannu.

"Kai Yiu, sha mana tun bai tuno wata dabara ba."

Yiu ya fizgi kofin ya shanye a kurɓi ɗaya. Da zafinsa. Kwana uku bai iya cin barkono ba.

Yanzu shekara shida kenan, 'ya'yansu biyu. Dogo na shiga jirgi duk shekara, aikinsa kwarfe ruwa da rabin jarka, a zaune, a tsakiya, inda nake iya kai masa sandar kuge in na ga bakinsa ya fara motsi. Tsohuwar Lo Kai ba ta gyara tagar ba, ta faɗaɗa ta ma, tana sayar da romo ta wurin. In mun je kasuwarsu kuwa, ko albasa ka saya sai an tambaye ka ƙarfe nawa ake buɗe gada.

Duk abin da na faɗa muku haka ya faru, ku je ku tambayi Hung. Wuri ɗaya ne kawai na ɗan sa hannu. Maganar gemun nan. Ban yi tsalle ba, dariya nake yi santsi ya kwashe ni. Ban iya ruwa ba ma, Hung ne ya kamo ni ta wando. Gemun kuwa tsohuwar ce ta tsamo shi da ludayi.